Shekara Nawa Ginin Kankare Yake Yi?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wani abu ne da ya faru a gidanmu a daminar bara, wanda har yanzu in na tuna shi sai gabana ya faɗi.

Wani dare cikin watan Agusta, bayan sallar isha'i, ana yayyafi, sai muka ji rim! daga ɗakin da ƙannena suke kwana. Da muka ruga da fitila sai muka tarar wani ɓangare na rufin dekin ya ɓalle, faɗinsa ya kai faifai, ya faɗo daidai kan tabarmar autanmu. Allah ya tsare, yaron yana wurin Inna a lokacin. Da muka haska sama sai ga rodi a fili, ya yi ja wur da tsatsa, yana ɓarewa kamar ɓawon itace. Baba ya daɗe yana kallonsa bai ce komai ba. Shekara goma sha shida ke nan da ya rushe soron ƙasa na kakanmu, ya sayar da bijimai biyu a kasuwar Wudil, ya zuba wannan dekin, domin an ce masa kankare mutu-ka-raba ne, ba yaɓe, ba ɗiga, har jikoki.

Washegari aka aika wa kawuna, wanda injiniyan gine-gine ne. Da ya zo Baba ya ce masa, "Injiniya, ashe siminti ma yana ruɓewa?" Kawu ya ce, "Alhaji, simintin bai ruɓe ba, ƙarfen da ke cikinsa ne ya ci shi." Ni ne na riƙe masa tsani a ranar, na kuma dame shi da tambaya. Abin da na koya a wurinsa, da wanda na ƙara a littattafan laburare da wurin malaminmu na kimiyya, shi ne zan ɗan bayyana, domin na lura yawancinmu muna kwana ƙarƙashin kankare, muna bi ta kansa a gadar garinmu, amma muna ɗaukarsa kamar dutsen da Allah ya halitta. Alhali kuwa yana da wa'adi, kuma masana suna iya ƙiyasta wa'adin nan da lissafin da ɗan aji uku ma zai iya bi.

Da farko dai kankare haɗi ne na siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Mutane suna cewa kankare ya bushe, amma ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba. Simintin ne yake haɗuwa da ruwan, su rikiɗe su zama wani abu dabam mai ɗaure yashi da tsakuwa, kuma wannan aiki yana ɗaukar makonni. Shi ya sa injiniyoyi ba sa yanke hukunci a kan ƙarfinsa sai ya kwana 28. In ya yi kyau yana da ƙarfin ɗaukar danni ƙwarai da gaske, amma ba ya jure ja. Ƙarfinsa wajen ja bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen danni ba. To, dekin ko gada in aka ɗora musu kaya sukan ɗan lanƙwasa, samansu ya matse, ƙasansu ya miƙe. Don haka ake shimfiɗa rodi a ƙasan, shi ya ɗauki jan.

Simintin da muke amfani da shi yau ba tsohon abu ba ne. Wani birkila mutumin Ingila, Joseph Aspdin, shi ya yi rajistar irinsa a 1824. Dabarar sa ƙarfe a ciki kuwa ana yawan danganta ta ga wani mai aikin lambu a Faransa, Joseph Monier, wanda ya yi rajistar tukwanen shuka na siminti da waya a 1867. A nan Arewa ma sai a 1967 masana'antar siminti ta Sakkwato ta fara aiki. Amma Rumawa sun yi nasu irin kankaren tun da daɗewa. A birnin Rum akwai wani gini da ake kira Pantheon, mai ƙubba wadda faɗinta ya kai mita 43, an gama shi kusan shekara 1,900 da suka wuce, kuma yana nan tsaye mutane suna shiga. Da na karanta haka sai na ce wa Kawu, to me ya sa namu bai cika ashirin ba? Ya ce ai ƙubbar Rumawa babu ƙarfe a cikinta, an tsara ta ne yadda kusan ko'ina danni ne. Watau rodin da ya ba mu damar yin rufi shimfiɗaɗɗe da doguwar gada, shi ne kuma ya sa wa gininmu ranar tsufa.

Ga yadda abin yake. Kowa ya san in aka yar da rodi a tsakar gida, damina ɗaya ta isa ta sa shi tsatsa. Amma a cikin sabon kankare ba ya yi, domin kankare yana da kaifi irin na ruwan toka ko kanwa, har ma ya fi su. Duk leburan da ya wuni yana kwaɓa siminti da hannu ya san yadda yake cin fata. A ma'aunin pH da muke yi a darasin kimiyya, sabon kankare yana kai wa 12 zuwa 13. Wannan kaifi yana sa wa ƙarfen wata 'yar riga siririya wadda ido ba ya gani, ita ce ke hana tsatsa kama shi. Sai dai kankare yana da ƙananan ƙofofi, kuma iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda hayaƙin mota da na murhu ma suke fitarwa, watau kabon dayoksaid, tana shiga ta ƙofofin nan sannu a hankali tana kashe kaifin. Tana farawa daga fatar ginin tana nutsawa ciki. Ranar da ta isa wurin rodi, rigar nan ta yage, sauran kuwa sai a sami ruwa da iska. Tsatsa kuma tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ninki biyu har zuwa shida. Sai ta riƙa tura kankaren daga ciki, ya tsage, ya kumbura, ya ɓalle. Abin da ya faɗo kan tabarmar autanmu ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda Kawu ya auna wannan ɓarna. Ya fito da wata 'yar kwalba, ashe finolftalin ne, maganin nan da muke ɗigawa a ɗakin gwaje-gwaje ruwa ya koma ja. Ya sa kurfi ya fasa wani wuri a jikin dekin inda bai lalace ba, ya hure ƙurar, ya fesa. Nan take cikin ya yi launi kamar zoɓo, amma bakin-bakin, daga fata zuwa wani zurfi, ya tsaya fari. Inda ya yi ja kaifin yana nan, inda ya tsaya fari ya mutu. Ya sa rula ya auna farin, ya sami milimita 20.

Daga nan sai lissafi. Iskar nan ba ta tafiya da sauri ɗaya. Tana farawa da hanzari, sa'an nan ta riƙa ragewa, domin duk sa'ad da ta nutsa hanyarta tana ƙara tsawo. Masana sun gano cewa zurfin da take kai wa yana bin tushen murabba'in shekaru ne, watau lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka shekarun. Dekinmu shekararsa 16, tushen 16 kuwa 4 ne. In ka raba 20 da 4 ka sami 5. Wannan 5 ita ce saurin shigar iska a kankarenmu. Yanzu in kana son sanin yaushe za ta isa rodi, sai ka raba kaurin kankaren da ya rufe rodin da 5, ka ninka amsar da kanta. A inda ya ɓalle, abin da ya rufe rodin milimita 10 ne kacal. Goma a raba da biyar, biyu. Biyu sau biyu, huɗu. Ashe tun dekin yana shekara huɗu rodin wurin ya zama tsirara, mu kuwa muna barci ba mu sani ba. Da an bar milimita 25, watau inci ɗaya, da sai shekara 25. Da 40 ne, da sai shekara 64. Ku duba fa, in ka ninka kaurin sau biyu, shekarun sau huɗu suke ninkuwa. Tsakanin ginin da zai tsufa kafin yaro ya gama firamare da wanda zai ga jikokinsa, bambancin bai wuce faɗin yatsa biyu ba.

Me ya sa namu ya zama milimita 10? Kawu ya ce ba a sa biskit ba. Biskit su ne 'yan ƙananan gutsattsarin siminti da ake yi a ɗaure a ƙarƙashin rodi don su ɗaga shi daga katakon da kafinta ya shimfiɗa. In babu su, da leburori sun fara hawa da kwanon sarki suna tattakawa, sai rodin ya kwanta a kan katako. Abin da kuɗinsa bai kai na buhun siminti ɗaya ba a ginin duka.

Ita kuma lambar nan 5, ya ce ta yi yawa, kankare mai kyau yana iya zama 3 ko ƙasa da haka. Abin da ke ɗaga ta yawan ruwa ne a wurin kwaɓi. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma ruwan da ya dace da shi bai kamata ya wuce wajen lita 25 ba, watau jarka ɗaya ta 'yan ga-ruwa, har a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. Amma masu aiki sun fi son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa kamar kunu, don ya fi sauƙin ɗiba da shebur da zubawa. Ban ga laifinsu sosai ba, duk wanda ya taɓa ɗaukar kwanon sarki ya hau tsani a watan Afrilu ya san dalili. Sai dai ruwan da ya yi saura yakan ƙafe daga baya, ya bar ramuka, su ne hanyar iska. Haka kuma in an zuba ba a yi ta ban ruwa ba aƙalla kwana bakwai, musamman da hunturu sa'ad da iska ke tsotse danshi, sai fatar kankaren ta bushe tun simintin bai gama aikinsa ba. Fatar nan kuwa ita ce garkuwar rodi. Abin dariya, ruwa a ranar kwaɓi yana ɓatawa in ya yi yawa, amma daga washegari sai ya zama magani.

Akwai wani sauƙi da Allah ya yi mana a ƙasar Kano. Ko iskar ta isa rodi, tsatsa ba ta gudu sai da danshi, mu kuwa muna yin wata bakwai ba ruwan sama. Shi ya sa gine-gine da yawa suke daɗewa duk da rashin kyan aiki. Namu ya lalace ne domin indararon dekin ya toshe da ƙasa da ganye, ruwa yana kwana a sama duk damina yana tsatsafowa. Mutanen bakin teku ba su sami wannan sauƙi ba, domin gishiri yana yage rigar ƙarfe tun kafin iska ta iso. Gadar Third Mainland ta Legas, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990, a cikin ruwa mai gishiri take tsaye, an kuma rufe ta don gyara a 2020 da 2024.

Tun daga ranar nan ban sake hawa gadar Wudil da irin idon da nake hawanta a da ba. Wanda duk ya tsaya a bakinta ranar Juma'a, ranar kasuwa, zai ga abin da take ɗauka: tireloli shaƙe da shanu, tankokin mai, tifofin yashi, motocin da suka fito daga Kano za su Dutse, Azare, Potiskum har Maiduguri. A ƙa'idar da injiniyoyin Turai suke bi, gidan zama ana tsara shi ne don shekara 50, gada kuwa shekara 100, mutanen Ingila ma 120 suke sa wa tasu. Wannan ba ya nufin ranar da shekarun suka cika sai ta faɗi. Ma'anarsa, in an gina ta bisa ƙa'ida, ana kuma kula da ita, bai kamata ta bukaci babban gyara kafin lokacin ba. In ba a kula ba tana iya gazawa tun da wuri. A birnin Genoa na Italiya wata babbar gada da aka buɗe a 1967 ta karye ran 14 ga Agusta 2018, mutum 43 suka mutu. Masu bincike sun tarar wayoyin ƙarfen da aka binne cikin kankarenta tsatsa ta ci su, a inda ido ba ya gani.

Gada tana da wasu abokan gaba da dekin gida bai san su ba. Ɗaya zafi da sanyi ne. Kankare yana miƙewa da rana ya tsuke da dare. Bene mai tsawon mita 30, in zafi ya canja da digiri 25, kamar tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara, yana iya ƙaruwa da kusan milimita 8. Don haka ake barin tsaga tsakanin bene da bene, ita ce ke sa mota ta yi ƙwas-ƙwas in tana wucewa. In yashi da tsakuwa suka cika tsagar, benen ba shi da inda zai miƙe sai ya tunkuɗi ɗan'uwansa. In kuma robar da ta rufe ta ta mutu, ruwan sama ya bi ta nan ya sauka a kan ginshiƙai.

Amma babban abin tsoro ga gadar kogi yana ƙarƙashin ruwa ne. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin su iso garinmu, daga nan su nufi Haɗeja. Ko da yake madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage masa fushi, wanda ya ga kogin a watan Agusta ya san har yanzu yana da ƙarfi. Ruwa in ya bugi ginshiƙi yakan yi juyi a gindinsa, ya riƙa kwashe yashi yana haƙa rami. Da ruwan ya janye sai sabon yashi ya cike ramin, a zo da rani a ga kamar ba abin da ya faru. A ƙasashe da yawa wannan zaizaya ita ce ta fi kowane dalili kayar da gadoji. Nan ne maganar yashi ta shigo. Yashin kogin Wudil ya gina unguwanni a Kano, kuma mutane da yawa da shi suke ci da iyalinsu, har da iyayen wasu daga cikinmu. Ba na cewa a daina. Amma in ana ɗiba kusa da gada, ƙasan kogin yana sauka, ginshiƙin da aka binne da zurfi ya koma a sarari. A ganina ya kamata a sa iyaka a bayyane wadda kowa zai sani, masu tifa da masu kwalekwale, a riƙa kuma auna zurfin gindin ginshiƙai bayan kowace damina.

Na tambayi Kawu, to ke nan injiniya yana iya faɗin ranar da gini zai faɗi? Ya yi dariya ya ce wannan sai Allah. Abin da suke yi ƙiyasi ne na yiwuwa, domin babu kwaɓi biyu da suke fita daidai, ko da mutum ɗaya ne ya yi su a rana ɗaya. A wurin babban aiki akan ɗebi kankaren a zuba a 'yan akwatuna masu faɗin milimita 150, bayan kwana 28 a kai ɗakin gwaji a matse su da inji har su fashe. Ba matsakaicin sakamakon ake dogara da shi ba, sai lambar da kashi 95 cikin ɗari na samfuran za su kai ko su wuce. Ita ma sai a raba ta da 1.5 kafin a yi lissafi da ita, a kuma ƙara wa nauyin da ake zaton ginin zai ɗauka. Watau a rage wa jaki ƙarfinsa a takarda, a ƙara wa kayan nauyi, in duk da haka ya ɗauka to an yarda da shi. A ƙa'idar Turai, abin da ake nema shi ne yiwuwar gazawar gini cikin shekara 50 ta kasance ƙasa da ɗaya cikin dubu goma. Wannan rarar ƙarfi ce tsatsa take ci a hankali, ita ce kuma mai gida yake ci gaba ɗaya in ya rage rodi, ko ya ɗora hawa uku a kan harsashin hawa ɗaya. Ginin da ya rushe tun ana aikinsa, kamar benen nan mai hawa 21 na Ikoyi a Legas wanda ya kashe mutum fiye da 40 ran 1 ga Nuwamba 2021, ba tsufa ne ya kayar da shi ba.

Ga tsohon gini kuma akwai hanyoyin dubawa ba tare da an rushe shi ba. Akwai wata guduma mai sifirin da wani injiniya ɗan Suwizalan, Ernst Schmidt, ya ƙirƙiro a 1948, ana danna ta a jikin bango ta buga ta dawo, gwargwadon dawowarta gwargwadon taurin wurin. Akwai na'urar da ke gano inda rodi yake da zurfinsa. Akwai kuma wadda kowa yake da ita, watau ƙaramar guduma da kunne. Kawu ya ba ni ita ya ce in bi rufin ɗakunan ina ƙwanƙwasawa. Inda yake lafiya yakan yi ƙara tsaf, inda ya rabu da rodi kuwa sai ya yi kamar ana buga ƙwarya. Na sami wuri uku a ɗakin yara, ɗaya a ɗakin Inna, muka zagaye su da alli. Alamun da ya ce a kula da su kuwa su ne tsaga miƙaƙƙiya mai bin layin rodi, da jan tabo kamar na goro a jikin silin, da farin gari mai fitowa inda ruwa ke tsatsafowa.

Kakata da ta ji bayanin nan cewa ta yi soron ƙasa ya fi gaskiya, domin shi yana faɗa maka ciwonsa kowace shekara ka yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Baba bai amsa mata ba.

An yi gyaran bayan damina. An fasa duk inda muka yi wa alli har bayan rodin, aka kankare tsatsar da burushin waya, aka ƙara sabon rodi a wuri biyu inda tsohon ya sirance, aka cike da kwaɓi mai kauri, aka yi masa ban ruwa mako guda. A sama kuma aka gyara gangaren ruwa aka ƙara indararo. Kuɗin ya ci ɗan maraƙi. Kawu ya ce a sake fesa maganin nan bayan shekara biyar a ga inda farin ya kai, ya rubuta 20 da kwanan wata a bayan ƙofar ɗakin. Share indararo kafin ruwan farko kuwa ni aka ɗora wa, na kuwa yi na bana tun cikin watan Mayu.